Iskar da ke bisa kanmu



Da damina, iskar da muke ji a jika daga kudu maso yamma take busowa. Amma kowane manomi a Damagaram ya san hadari daga gabas yake tasowa, ta wajen Gure da Mirriya. Me ya kawo haka? Akwai wata iska a bisa, kamar kilomita 3 zuwa 4 sama da kanmu. Daga gabas take zuwa yamma, da gudun kilomita 40 ko 50 a awa. Ita ce ke koro hadari.

To, wa ya hau can ya gani? Ba kowa. Ma'aikatan meteyo, wato masu duban yanayi, babban balan-balan suke saki. Yana hawa kamar mita 300 a minti ɗaya. Inda iska ta kai shi, nan ta nufa.

Da farko da madubin hangen nesa ake bin sa. In ya shiga girgije, ko hazon hunturu, shi ke nan, ya ɓace.

Sai aka samu na'urar radar. Ana rataya wa balan-balan takarda mai ƙyalli. Radar tana aika saƙo, ya bugi takardar, ya dawo, kamar amsa-kuwwa tsakanin duwatsun Birni. Daga jinkirin dawowarsa ake sanin nisa. Girgije ba ya hana ta aiki.

Amma ita ma tana kuskure. Ku dubi maharbi da baka. In hannunsa ya goce kaɗan, a kusa ba komai. A nesa kuwa, kibiya ta bar nama. Da'ira digiri 360 ce. In radar ta goce da digiri 1 tak, balan-balan yana nisan kilomita 60, an ɓata wurinsa da kilomita guda. Abin haushin shi ne, ranar da iska ta fi ƙarfi, ranar balan-balan yake saurin yin nisa. Ranar ce kuma matuƙin jirgin alhazai ya fi bukatar lissafi mai kyau.

Yanzu an fi rataya ƴar na'ura mai GPS, irin ta cikin wayar hannu. Ita ke faɗin inda take, nisa ba ya ƙara mata kuskure. Radar kuwa ba a yar da ita ba. A 2006 masana daga Amurka sun kafa wata a filin jirgin Yamai. Ba balan-balan ta bi ba, hadarin kansa ta bi, tana auna gudun ɗigon ruwan da ke cikinsa.