Ciwon Ƙashi da Maganin HIV: Kar Ka Ajiye Kwalbar

Yau daga gida Matsinkai nake magana.

Wani abokina da ke fatauci ta iyakar Tsamiya zuwa Segbana a Benin ya kira ni gefe, ya ce ya daina shan maganinsa na HIV, wai tun da ya fara ƙasusuwansa ke ciwo. Wallahi gabana ya faɗi.

Ga abin da ke faruwa. A wuyanmu akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu kamar ƙwayar shinkafa, ana ce musu faratairod. In kalsiyam ya yi ƙasa a jini, sai su saki sinadarin da ke ɗebo shi daga ƙashi. Tenofovir, ɗaya daga cikin magunguna uku da ke cikin TLD, kan ɗaga wannan sinadari, musamman in bitamin D ya yi ƙaranci. A shekara biyun farko na shan magani, ƙashi kan rasa kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na kaurinsa.

To amma ita ƙwayar cutar ma tana cin ƙashi, kuma barin magani buɗe mata ƙofa ne. Na raka shi asibiti, aka duba ƙodarsa da jininsa, likita ya canza masa haɗin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku sha nono, ku ci zogale da ƙananan kifi har ƙayarsu, ku sha hantsi. In jiki ya yi ciwo, ku gaya wa likita. Kar ku yanke hukunci ku kaɗai.

Sai mako na gaba, in Allah ya kai mu.