Jawabi Kan 'Ya'yanmu Masu Neman Digiri Na Biyu A Fannin Tarihi



Jama'a, a cikin 'ya'yanmu akwai waɗanda suka gama digirin farko a fannin tarihi, suka yi bautar ƙasa, yanzu suna son su ci gaba zuwa digiri na biyu. Da yawa daga cikinmu iyaye, amsarmu ita ce, "Tarihi kuma? Me za a ci da shi? Ga shago nan, ka zo ka zauna." Mu 'yan kasuwa ne, ba laifi mu tambayi riba. To, bari mu yi lissafin.

Mu duba Keffi. An san Abdu Zanga ya kafa ta wajen 1800. An san Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, ya tafi Kano wurin Sarki Alu, Turawa kuma suka sa wannan cikin hujjojinsu na cin Kano a 1903. Yara suna karanta wannan domin an rubuta shi. To, mu fa? Wa ya rubuta shekarar da kakanninmu suka sauke kaya a nan? Ta wace hanya suka biyo, wa ya ba su masauki, da wane sharaɗi? Amsar tana bakin tsofaffinmu, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ranar da aka tashi maganar wane ɗan ƙasa, wane baƙo, "in ji kakana" ba ya isa hujja a gaban hukuma.

Irin wannan aiki an taɓa yin sa. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu ya bi sawun fatake da zangunan Hausawa a Afirka ta Yamma, littafinsa ya fito a 1978. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi nasa digirin na uku a kan Katsina a Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙaramin zango irin namu kuwa, in ɗansa bai rubuta shi ba, wa muke jira?

Makaranta ma ba ta yi mana nisa ba. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi, ga ta Tarayya a Lafiya da aka kafa a 2011, ga Zariya, ga Bayero a Kano. A Kaduna akwai Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, da kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin zamanin Turawa suke.

Ku matasa, ku saurara da kyau. Galibi ana son digirinka ya kai daraja ta biyu, ko da ƙaramarta ce. Wanda bai kai ba, yakan fara da babbar difiloma. Za a nemi sakamakon sakandare, da takardar gama bautar ƙasa, da wasiƙun malaman da suka san ka. Cikakken sakamakonka na shekara-shekara, wanda tsohuwar jami'arka za ta aika, ka neme shi da wuri, don yakan ɗauki lokaci. Fom yanzu ta intanet ake cike shi. Sannan kada ka je hannu rabbana, ka tafi da batun da za ka bincika a rubuce. Kada ka ce "Tarihin Hausawa", wannan kogi ne. Ka ce kasuwar Agwada, ko zaman Hausawa da Afo a ƙasar Kokona. Kuma 'ya'yanmu mata suna cikin wannan kira, domin akwai labarin da sai a cikin gida ake jin sa.

Wanda ya yi allo da Islamiyya yana da jari babba. Wasiƙun ajami da takardun bashi da ke cikin gafakar kakanninmu, shi zai iya karanta su kafin gara ta riga shi.

Amma mu sani, bincike ba kirari ba ne. Yaron nan zai je wurin maƙwabtanmu ya ji nasu bakin, zai kuma rubuta har abin da ba zai yi mana daɗi ba. Mu haƙura. Takardar da ta faɗi gaskiya ita ake karɓa, ita kuma ke gyara zama.

Don haka roƙonmu ga ƙungiya uku ne. A buɗe asusu na kuɗin fom da na mota zuwa Kaduna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawa su buɗe wa yaran nan ƙofa, su ba su lokaci. Wanda aka taimaka wa kuma, in ya gama, ya kawo wa ƙungiya kwafe ɗaya na kundinsa a ajiye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya yi wa zuriya albarka. Wassalamu alaikum.