Hanjin Tsutsa da Gonar Wake

Manomin wake a Wurno ya san tsutsar Maruka, mai huda fure da kwanso tun suna ɗanye. Ƙarfinta a hanjinta yake, inda sinadaran narkar da abinci ke farfasa abin da ta ci.

Ta nan masana suka ɓullo mata. Waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, yana ɗauke da wani furotin. Da zarar tsutsa ta ci, sinadaran hanjinta ne ke tayar da shi, ya ɓula hanjin, ta mutu.

Amma wannan iri ba ya hana ƙwaron rumbu ɓarna. Don haka manoman Birnin Kudu da Gwaram, ku shanya wake sosai, ku adana shi a buhun PICS mai hana iska shiga.