Wa ke nuna wa wayarmu hanyar banki?

 

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana kan wata hanya da kuɗinmu ke bi kullum ba mu ganinta. Yau mutum yana zaune a rumfarsa a Maraɗi zai biya kuɗin kaya a Kano. To wa ke kai wayarsa ƙofar banki?

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In muka rubuta sunan banki, waya tana tambayar wata na'ura ta kamfanin layinmu lambar wannan suna. In na'urar ba ta sani ba, sai ta tambayi na'urorin tushe, masu adireshi 13. Su tura ta ga masu riƙe da sunayen ƙasa, kamar .ng na Najeriya ko .ne na Nijar, su kuma su tura ta ga na'urar bankin. Wannan shi ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a Amurka a 1983. Kamar baƙo ne ya sauka tasha yana cigiyar gidan fatomansa, wannan ya miƙa shi ga wancan.

Matsalar ita ce an gina tsarin bisa yarda, lokacin da masu intanet ba su da yawa. Na'urar kamfanin layi tana ajiye amsar da ta samu, ta riƙa ba duk mai tambaya. A 2008 wani masani, Dan Kaminsky, ya nuna yadda ɗan damfara zai riga mai gaskiya jefa amsa, a karɓa, a ajiye. Daga nan kowa a layin sai a kai shi shagon bogi, alhali sunan da ya rubuta daidai ne. An toshe wannan kafa gwargwado, an kuma kawo DNSSEC, wato sa hannu a kan amsa, amma har yau sunaye da dama ba su da shi.

A Oktoban 2016, a Brazil, ɓarayi suka shiga rajistar wani banki suka karkatar da sunayensa 36 na wasu sa'o'i. Shafin bogin har da alamar kwaɗon nan da ake ce mana mu duba. Saboda haka kwaɗo kaɗai ba shaida ba ne.

Akwai kuma tarkon da ya fi kusa da mu: harafi ɗaya. Mai son rubuta .com ya tsallake "o", ya faɗa .cm na Kamaru. Haka .net da .ne. Laifin ba na ƙasashen ba ne, 'yan damfara ne ke sayen sunaye masu kama da na gaske suna jira.

Shawararmu: a shiga banki ta manhajarsa, ba ta adireshin da aka turo a WhatsApp ba. A masauki, ko a Kwatano ko a Lome, kada a tura kuɗi da intanet ɗin kyauta, a kunna data. In abokin ciniki ya aiko sabuwar lambar asusu, a kira shi a lambar da aka saba, a ji muryarsa tukuna.

Masu shafin kansu kuma su duba da sunan wa aka yi rajista. Sau da yawa sunan yaron da ya haɗa shafin ne, kuma in wa'adi ya ƙare ba a sabunta ba, wani na iya saye. Duk mai son a duba masa, muna nan bayan an tashi.