Duniya Ɗaya Gare Mu, Kuma a Mando Take

Yau hirar fim za mu yi, amma ku biyo ni, akwai inda za ni.

Daren jiya a teburin mai shayi kusa da tashar Mando, gardama ta kaure a kan Dark Matter, shirin nan mai dogon zango da Apple TV+ ta fara haskawa a watan Mayun 2024. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan ɗan fasa ƙwai. Jason malamin kimiyya ne a Chicago, yana da mata da ɗa. A wata duniyar kuma akwai wani Jason ɗin da ya zaɓi aiki ya bar aure, ya ƙera akwatin da ke tsallakawa tsakanin duniyoyi. Da nadama ta ishe shi, sai ya zo ya sace na farkon, ya gaje masa gida.

Masu kallo sun rabu biyu. Wasu suka ce wannan wasa da ƙaddara ne, bai ma dace a kalla ba. Wasu suka ce ai kimiyya ce, tun 1957 Hugh Everett ya kawo ra'ayin duniyoyi barkatai. To, ra'ayi ne, har yau ba wanda ya leƙa ya dawo.

Ni maganar wani ƙanina ce ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Yaya, wallahi da akwatin nan gaskiya ne, da tuni na shige, ba ni ba Kaduna." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don na san shekara biyu ke nan yana yawo da takardu ba aiki.

Amma ku lura da shirin da kyau. Wanda ya gudu daga rayuwarsa shi ne mugun labarin. Jarumin kuwa ya ga duniyoyi iri-iri, gida kawai yake nema.

Ku tuna watan Maris na 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, nan maƙwabtanmu. Iyayen ba su zauna suna "da a ce" ba. Sun yi ta fitowa zanga-zanga, har Majalisar Tarayya a Abuja suka je, kuma a watan Mayu aka sako ragowar yaran. Ba su da akwati, ƙafa da murya gare su.

Don haka ku kalli shirinku, ku yi gardamarku, ba laifi. Amma in an kira taron unguwa kan tsaro ko kwata, ku zo. Wanda bai da katin zaɓe ya yi rajista in an buɗe. Shi kuma ƙanina, na ce gobe ya same ni mu gyara takardar neman aikinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya zaunar mana da Kaduna lafiya.