Yadda Jini Yake Ƙera Makamai Tun Cuta Ba Ta Zo Ba

Jawabin yau a kan wani aiki ne da ake yi cikin ɓargon mutum, wanda saninsa zai taimaki mai kiran talakawa zuwa allurar rigakafi.

A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu ƙera makaman yaƙi da cuta. Kowane makami cuta guda yake kamawa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Na ƙyanda ba ya taɓa shan inna. To, umarnin gado da ke rubuce a jikin ɗan Adam kamar 20,000 ne kurum, amma irin makaman sun haura miliyoyi. Ina suka fito? Wani masani mutumin Japan, Susumu Tonegawa, shi ya warware wannan a birnin Basel a 1976, har aka ba shi lambar Nobel a 1987.

Ashe ba a gadon makami ɗungum, sai guntu-guntu, jere a rukuni uku: na V kamar 40, na D kamar 23, na J guda 6. Sa'ad da ƙwaya take girma cikin ɓargo, sai ta yanka rubutun gadonta da wani almakashi da ake kira RAG, ta ɗauki guntu ɗaya daga kowane rukuni ta haɗa, ta yar da na tsakani. Malamin da ya buga lissafi zai sami 5,520. Wannan rabin makami ke nan, ɗaya rabin ma da nasa zaɓin. Sa'an nan a bakin ɗinkin akan zubar da waɗansu haruffa, a ƙara waɗansu barkatai, nan yawan yake bunƙasa ƙwarai. Lalle akwai ɓarna: ɗinki da yawa yakan lalace, ƙwayar ta mutu. Jaririn da aka haifa ba almakashin nan kuwa da wuya ya kai shekara biyu, sai fa an yi masa dashen ɓargo.

Watau yaro yana da ƙwaya mai makamin ƙyanda tun bai gamu da cutar ba, amma 'yan ƙalilan ne, cuta takan riga su. Allura ita ke sa su hayayyafa, su zauna cikin shiri. Don haka a roƙi dagatai da masu unguwanni su rubuto sunan kowane yaro ɗan wata tara, a kai shi a yi masa ta ƙyanda, a kuma komar da shi a wata goma sha biyar.