Ranar Ubangiji a Tsibirin Batmusa

Karatunmu na yau yana cikin Wahayin Yahaya, sura 1, aya 9 zuwa 11.

Batmusa, inda Yahaya ya ga wahayin nan, ƙaramin tsibiri ne na ƙasar Girka. Allah ya ba mu zarafin zuwa can lokacin hutu, tafiyar wajen awa takwas a jirgin ruwa daga tashar da ke kusa da Atina. Duwatsun wurin aman wuta ne ya fito da su tun zamanin da, ko da yake wutar ta daɗe da mutuwa. Ƙasa ce busasshiya, mai tsandauri, ruwa ya kewaye ta ko'ina. A kan tudu akwai gidan sufaye da aka kafa a shekara ta 1088, ga gidaje farare sun zagaye shi. A gangaren tudun kuma akwai kogon da mutanen wurin suka gāda cewa a ciki ne Yahaya ya ji muryar.

Baƙi suna ta wanka a bakin teku, suna ɗaukar hoto. Ba laifi, hutu ma baiwar Allah ne. Amma kowane baƙo, har da mu, yana da tikitin komawa gida a aljihu. Yahaya ba shi da shi. Bisa ga abin da ikkilisiyar farko ta faɗa, an kai shi can a zamanin Sarki Domitiyan, wajen shekara ta 95, saboda shaidar Yesu. Afisa da sauran ikkilisiyoyi shida suna ƙetaren ruwa, a ƙasar Turkiyya ta yau. Ba nisa sosai, amma ba halin zuwa. Ruwan da muke sha'awa, shi ne katangar kurkukunsa. Shi ya sa ba mu yi mamaki ba da ya ga sabuwar duniya a sura 21, ya kuma lura cewa babu sauran teku a cikinta.

To, me ya yi da ranar Ubangiji ta zo? Ba majami'a, ba ƙararrawa, ba zumuntar mata da za su tā da waƙa. Duk da haka ranar ta same shi cikin Ruhu, aka kuwa umarce shi ya rubuta wa ikkilisiyoyin nan bakwai.

Mun san akwai masu jinmu da suke haka yanzu. Wani aiki ya kai shi garin da babu mai bi ko ɗaya. Wata an kore ta daga gida saboda baftisma. Waɗansu rikici ya raba su da ƙauyensu, suna zaune a sansani. Ranar Lahadi mai zuwa, ƙarfen da ikkilisiyarku take shiga sujada, ku buɗe Littafi Mai Tsarki a inda kuke. Mu kuma da muke cikin taro, bari mu ambace su da sunayensu a gaban Allah, mu kuma aika musu da wasiƙa cikin makon nan.

Mu yi addu'a.